Ƙasar Baƙin Dutse da Haƙƙin Kiwo a Kanta

  

Mu Kanawa, da yake a kan jigawa muka tashi, inda fartanya ke shiga ƙasa ba gardama, gero da gyaɗa kuma suna samun wurin miƙa saiwa yadda suka so, ba mu cika tunanin cewa akwai ƙasar da manomi zai sara sau ɗaya, a sara na biyu ya ji ƙarar ƙarfe a kan dutse ba. Alhali kuwa dankalin Turawan da ake saukewa a kasuwar Yankaba, da wani kaso na shanun da ake kaiwa karar Wudil, daga irin waɗannan tuddai suke fitowa. Ina nufin tuddan da aman wuta ya shimfiɗa: na Biyu a kudancin Barno, inda tafkin Tila yake zaune a cikin bakin wani mataccen dutse mai aman wuta, da sassan tudun Jos, wajen Panyam da Kerang, da Mambila a Taraba, wadda tsayinta ya kai wajen mita 1,600. Ko a nan jiharmu, duwatsun Riruwai na Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kufai ne na wani tsohon dutse mai aman wuta.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga almajirin ilmi. Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar Madina ya ga filayen baƙaƙen duwatsu da suka saka birnin a tsakiya, gabas da yamma, waɗanda ake kira harra. Malaman tarihi kuma sun tabbatar da cewa a shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, wuta ta ɓarke a kusa da birnin, narkakken dutse ya yi ta malala kwana da kwanaki kafin ya tsaya. Abin da ya daskare a can, shi ne ya daskare a Biyu, sai dai a Biyu ruwan sama ya fi yawa, ya kuma samu zamani mai tsawo yana cin dutsen.

To, a nan hikimar take. Farin dutse irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, idan ya ruɓe, yashi yake bari, domin a cikinsa akwai ƙwayoyi masu tauri da ruwa ba ya iya narkarwa. Shi kuwa baƙin dutsen aman wuta kusan ba shi da waɗannan ƙwayoyi, sai sinadarin ƙarfe da na farar ƙasa da makamantansu, saboda haka idan ya ruɓe laka yake zama, mai danƙo, mai albarka, baƙa a kwari, ja a inda ruwa ke tsiyayewa. Inda ruwan sama ya yawaita kuma dutsen ya tsufa, kamar wasu sassan Jos da Mambila, ƙasar takan yi zurfi. Amma a kan gangare da bakin tudu, musamman a Biyu, sau da yawa ba ta wuce taki ɗaya ko kamu guda ba, ga duwatsu kamar kan mutum warwatse a samanta da cikinta, ƙarƙashi kuma fa ne.

Ku dubi halinta a cikin shekara. Da rani takan bushe ta ƙanƙance ta dare, har yaro ya iya zura hannunsa a tsagar. Ruwan farko ya sauka, sai ya bi tsagogin nan ya shige. Kafin a yi ruwa uku huɗu lakar ta sha ta kumbura, tsagogin sun rufe ruf, daga nan kuwa duk abin da sama ta zubo, in wurin shimfiɗe ne ya kwanta ya zama caɓi, in gangare ne ya gudu da ƙasar da ya samu. Damina na ɗaukewa kuma, tun da ma'ajiyar ruwan ba ta da zurfi, sai ciyawa ta bushe da wuri, makiyayi ya kama hanyar fadama. Ƙasa ce mai arziki a jikinta, matalauciya a zurfinta, wanda kuma ya dubi baƙinta kaɗai ya yanke mata hukuncin gona, lalle ya yi gaggawa.

Ra'ayina, wanda nake faɗa da cikakken yaƙini, shi ne ciyawa ce suturar wannan ƙasa, kiwo kuma shi ne aikin da ya dace da mafi yawanta, muddin an yi shi da ƙa'ida. Saiwar ciyawa siririya ce, tana ratsa tsakanin duwatsu ta ɗaure lakar, tana mutuwa tana zama taki. Duwatsun nan ma da baƙo zai ɗauka cikas ne, su ne ke tare ƙarfin ɗigon ruwa, suna rage gudunsa, suna kuma ɓoye danshi. Ɗaga ɗaya a watan da iska ta fara busawa, za ka tarar ƙarƙashinsa da sanyi da laima, tururuwa sun yi gida, alhali gefensa ya riga ya dare. Mutanen duwatsu sun fahimci wannan tun kaka da kakanni: Angasawan Pankshin ba sa zubar da dutsen gona, jera shi suke yi gando bisa gando a gicciyen gangare, ƙasa ta taru a bayansa. Amma a tudu irin na Biyu, idan aka kawo garmar tarakta aka kwashe duwatsu aka yi huɗa daga sama zuwa ƙasa, abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru, damina kaɗan ta isa ta kai shi kogin Hawul.

Ba kuma zan wanke makiyayi ba. Kofaton shanu a kan jiƙaƙƙiyar laka a tsakiyar damina yana daddale ta, ta bushe da tauri, iri ya kasa tsirowa. Garken da ya fi ƙarfin makiyaya yana cinye ciyawa mai daɗi tun ba ta yi iri ba, ya bar wadda dabba ba ta so. Gobarar daji ta ƙarshen rani kuma tana barin ƙasa tsirara a daidai lokacin da ruwan farko zai zo da hadari mai ƙarfi. Zaizayar da ake gani a kan hanyoyin shanu a Mambila shaida ce.

Shari'a ba ta bar wannan babi babu magana ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya keɓe Naƙi'i domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Daga nan malaman fiƙihu suka fitar da cewa shugaba yana da ikon yin hurumi saboda maslahar jama'a. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, sai dai da yawa daga wuraren da aka shata noma ya cinye su, burtali ya toshe, shanu suka taru a kan ragowar tuddai marasa zurfi, wato daidai inda ƙasa ta fi rauni. Rigimar manomi da makiyayi da muke ji, wani sashe nata daga nan ya faro.

Kada kuwa wani ya ce wannan matsalar mutanen nesa ce. Kogin Kano daga tuddan arewacin Jos yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore ya shiga madatsar Tiga da aka gama a 1974, daga can ne ake ba shinkafar Kura ruwa, daga kogin ne kuma matatar Tamburawa take ɗiban abin da muke sha. Duk lakar da ta bar tudu, a gindin madatsa take kwanciya tana rage mata ciki. Abin da nake roƙon masu iko da sarakuna shi ne a auna zurfin ƙasa kafin a raba ta gonaki, a bar gangare mai duwatsu ga ciyawa, a hutar da wani yanki na makiyaya a kowace damina har ciyawarsa ta zubar da iri, a kuma buɗe burtalin da aka toshe domin garke ya samu saukowa.