Hunturu da Ma'aunin Iska



Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Sahara, hamadar da hunturu ke busowa Janbako daga gare ta. A 1961 Nijeriya ta kori jakadanta saboda waɗannan gwaje-gwaje.

To, yaya ake gane gurɓatar da ido ba ya gani? Masana kan auna iskar zenon kullum, su fitar da matsakaicinta da iyakar hawanta da saukarta. In awo ya zarce iyakar, sai a bi sawun iska baya. Haka aka tsinkayi gwajin Koriya ta Arewa daga Kanada a 2006.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu riƙi lissafi da kyau, domin lafiyar manomanmu.