Kuɗin Cefane Da Abincin Gida

Yau maganarmu a kan cefane ce. Ba mai gidan da bai san nauyinsa ba. Daga Bodinga har Shagari, duk inda magidanta suka zauna a inuwa, ba a jimawa sai an taɓo tsadar kasuwa. Wannan ya ce mai ya tashi, wancan ya ce nama ya gagara. To, bari mu duba mu gani, ina kuɗinmu ke tafiya?

Da fari mu san mafarin tsadar. A 2022 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren, ƙasashe biyu masu noman alkama da yawa, sai alkama ta yi tsada a duniya. Mu kuwa yawancin alkamar da ake yi mana burodi da ita daga waje ake sayo ta. Ran 29 ga Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau. Ba a daɗe ba darajar naira ta faɗi. Duk abin da mota ta ɗauko daga Sakkwato zuwa kasuwanninmu sai da ya ƙara kuɗi. A 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Watau abin da aka saya naira 100 a 2023, a 2024 sai da naira 140 ko fiye.

Mu ba mu da iko a kan farashin fetur ko na alkama. Amma muna da iko a kan aljihunmu da tukunyar gidanmu. Nan za mu tsaya.

Samarinmu masu zuwa cin rani birni sun ga wani abinci da Turawa ke kira baga. Sunan daga Hambog ya samo asali, wani birni na Jamus, amma a Amurka abincin ya yi suna. Ba wani abu ba ne illa niƙaƙƙen nama da aka soya, aka sa tsakanin burodi biyu da albasa da tumatir. A birni ana sayar da shi da tsada ƙwarai. Me ya sa? Domin mai saye ba nama da burodi kaɗai ya biya ba. Ya biya hayar shago, da wutar lantarki, da ladan ma'aikata, har da takardar da aka naɗe shi a ciki. In an yi shi a gida duk waɗannan sun faɗi.

Ga yadda ake yi. A sami nama marar jijiya, na sa ko na akuya, a wanke shi da ruwa mai tsabta. A yayyanka ƙanana, a zuba a turmi a daka kamar za a yi dambu. A sa albasa, da attarugu, da citta, da gishiri. A zuba garin ƙuli-ƙuli kaɗan domin ya haɗe shi, ya kuma ƙara masa auki. A mulmula, a faɗaɗa kamar tafin hannun yaro. Sa'an nan a soya a kasko da mai kaɗan, wuta ba da yawa ba, ana juyawa.

A nan akwai gargaɗi. Dakakken nama ba kamar tsire ba ne. Ƙwayoyin cuta da ke bayan nama, in an daka, sai su shige har ciki. Saboda haka kada a sauke sai an fasa ɗaya an ga cikinsa ya nuna sarai, ba sauran ja. Kada kuma a daka da safe a ajiye sai yamma, zafin ƙasarmu ba ya barin ɗanyen nama. A daka, a soya, a ci.

In burodi ya yi tsada, masa na nan. A sa naman tsakanin masa biyu da yankan albasa. Shinkafar fadamarmu ce ko geron gonarmu, ba jirgin ruwan da ya kawo su.

Wani zai ce, "Malam, ai naman ne ba mu da shi." Gaskiya ne. To, wake fa? Ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, mu nan kuwa muna shuka shi tsakanin gero da dawa. Wake yana gina jiki kamar nama, shi ne abin da yara ke bukata domin girma. A surfa wake, a wanke ɓawon, a markaɗa da albasa da attarugu, a buga sosai, a soya ƙosai manya. A tsaga burodi ko a ɗauki masa biyu a sa shi a tsakiya. Yaron da ya karya kumallo da wannan zai kai azahar a makaranta bai yi hamma ba.

Yanzu mu yi lissafi, tun da mun koya. A ce mai gida yana kashe naira 500 kullum a teburin mai shayi, shi kaɗai. Kwana 7, naira 3,500. Kwana 30, naira 15,000. Ku duba fa! Kowace safiya kuɗin kamar ba kome ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Da wannan kuɗi ya shiga cefanen gida, da uwargida da yara duk sun ci. Ba mu ce a ƙaurace wa masu tuya da mahauta ba. 'Yan'uwanmu ne, sana'arsu halal ce. Abin da muke so kowa ya san abin da ya kashe.

Akwai wata hasara da ta fi wannan. Da kaka mukan kwashe wake mu kai kasuwa lokacin da ya yi araha, don tsoron ƙwari. Da bazara kuma mu koma mu saye shi da tsada a mudu, wani lokaci har da bashi. Maganin wannan shi ne buhu mai ninki uku, watau leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Iska ba ta shiga, sai ƙwarin su mutu, ba sai an sa magani ba. Albasa kuma a ajiye ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Tumatir da kuɓewa a yanka a shanya lokacin da suka yi yawa.

Ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne kafin ya shugabanci ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A 1980 ya ƙaddamar da shirin bunƙasa noma domin Nijeriya ta ci da kanta. Abin da ake nema wa ƙasa, a gida ake fara shi.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya buɗe shafi sabo a littafinsa, ya ja layi uku: rana, abin da aka saya, kuɗinsa. Ko gishirin naira 50 ne a rubuta. Mai gida ya tambayi uwargida, domin ita ta san abin da ke ƙarewa da abin da ke lalacewa. Ran kasuwa a rubuta abin da ake bukata tun daga gida, kada a sayi abin da ba ya cikin takarda. Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa mu haɗa lissafin tare a kan allo.

Allah ya sa albarka a abin da muka noma, ya hore mana abin cefane. Amin.