Wa ke riƙe da alƙalamin kasafin kuɗinmu?
Jawabi a zaman matasan Kirkissoye kan gwagwarmayar Moussa Tchangari



An ce in yi magana kan Moussa Tchangari, babban magatakardan ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens. Da yawanku kun san muryarsa a rediyo. Ɗan jarida ne, mai sharhi kan siyasa, wanda ya taso cikin gwagwarmayar ɗalibai a jami'ar nan tamu ta Harobanda, kafin ya kafa jaridar Alternative. Cikin duk abin da ya daɗe yana faɗa, guda nake so mu ɗauka yau: in kana son sanin wanda ke da baki a mulki, buɗe kasafin kuɗi, ka duba wa aka ɗora wa haraji, wa aka yafe wa.

Mu koma 2005. Gwamnati ta aza harajin TVA na kashi 19 cikin 100 kan madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta. Ran 15 ga Maris jama'a suka cika titunan Yamai. An kama jagororin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, har da Tchangari, Nouhou Arzika da Morou Amadou. Ba a yi wata biyu ba gwamnati ta ja da baya kan mafi yawan kayan.

Sai kasafin 2018. Dokar da ta kawo sabbin haraji kan talaka, har da na gidan zama, ita ce kuma ta soke harajin kiran waya daga ƙetare da kamfanonin salula ke biya, wanda ke kawo wa baitulmali wajen miliyar 20 na sefa a shekara. Kun ji ko? Alƙalami guda, takarda guda. Ran 25 ga Maris 2018 aka kama Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika saboda zanga-zangar adawa da dokar, suka yi wata huɗu a gidan kaso. A kasafin 2019 aka maido da harajin.

Haka abin yake tafiya, ƴan uwa. Kamfani ba ya tsayawa takara, ba ya neman ƙuri'arka. Yana da lauyoyi, yana da ƙofar minista, yana da barazanar rufe ma'aikata. Dubi Areva: dokar ma'adinai ta 2006 ta ba da damar kuɗin da ake biyan ƙasa kan uraniyom ya tashi daga kashi 5,5 zuwa 12, amma sai a watan Mayu 2014, bayan doguwar jayayya da matsin ƙungiyoyin farar hula, kamfanin ya yarda a yi aiki da ita a kansa.

Wani zai ce ai wannan ya wuce, tunda an ƙwace lasisin Imuraren daga Orano a 2024, an mayar da Somaïr hannun ƙasa a 2025. To, madalla. Amma a watan Afrilu 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC na Sin, bashin da za a biya da ɗanyen man Agadem. Wa ya karanta yarjejeniyar cikinmu? Kura ko daga wane daji ta fito, ba a ba ta ajiyar nama. Tambayar da aka yi wa Bafaranshe, ita za a yi wa Basine da Barashe da ɗan kasuwar gida.

Ran 3 ga Disamba 2024 aka ɗauke Tchangari daga gidansa, a watan Janairu aka kai shi gidan kason Filinge bisa tuhumar da ta haɗa da yabon ta'addanci. Ba dole ka yarda da duk ra'ayinsa ba. Amma wanda aka tsare zamanin Tanja, da na Issoufou, da na soja, ba za a ce ɗan amshin shatan wata jam'iyya ba ne.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kowace fada ta samo kasafin kuɗin bana, mai faransanci ya fassara wa saura, a nemo shafin yafe haraji. Mu nemi a wallafa yarjejeniyoyin man fetur, uraniyom da zinariya. Dukiyar tamu ce, tambaya a kanta ba laifi ba ne.

Allah Ya kiyaye Nijar.