MAGANIN CIYAWA MAI ZAƁE: YADDA ZA A YI AIKI DA SHI BA TARE DA CUTA BA

Jawabi ga shugabannin makarantu, masu kula da filaye, da manoma



A Kudancin Kaduna ruwan sama yakan sauka tun cikin watan Afrilu, ba ya ɗaukewa kuwa sai Oktoba. Duk wanda ya tashi daga Kafanchan da damina, ya bi ta gindin duwatsun Kagoro har ya isa Manchok, mazaunin Sarkin Moro'a cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, zai ga ƙasa ta yi kore shar ko'ina. Ni'imar nan da ke raya masara da citta da acca, ita ce kuma ke raya ciyawa. Kafin a yi mako uku da sauka ruwa, filin ƙwallon makaranta da harabar asibiti da farfajiyar ofis sun cika da kashin yawo da zaƙi-banza da nonon kurciya, yara kuwa ba su iya gudu babu takalmi saboda ƙaya.

A da, fartanya da adda su ne maganin wannan. Yau kuwa kuɗin ƙwadago ya yi tsada, famfon feshi ya shiga kowace unguwa, maganin ciyawa kuma ana sayar da shi a kowace kasuwa. Abin da ya rage shi ne sanin yadda za a yi aiki da shi, don kuwa kwalbar da ta share fili ita ce kuma kan ƙone lambun maƙwabci, ko ta kwantar da yaro a asibiti.

IRI BIYU NE

Abu na farko da ya kamata kowa ya sani shi ne, maganin ciyawa iri biyu ne. Akwai mai kashe duk abin da ya taɓa, kamar wanda ake rubuta sunansa glyphosate a jikin kwalba. Wannan na share fili ne kafin shuka. In aka fesa shi a filin ƙwallo, to, da ciyawar da ake so da wadda ba a so duk za su mutu, a bar ƙasa tsirara ga zaizayar ruwa.

Iri na biyu shi ne mai zaɓe, watau wanda ke kashe wasu tsire-tsire ya bar wasu. Mafi shahara cikinsu shi ne 2,4-D. Masana a Ingila da Amurka ne suka gano shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka soma sayar da shi a tsakiyar shekarun 1940, har yau kuwa ana aiki da shi a gonakin hatsi da filayen wasa na duniya.

Yadda yake aiki abin mamaki ne. Kowane tsiro yana da wani sinadari a jikinsa da ke sarrafa girmansa. 2,4-D yana kwaikwayon wannan sinadari ne. Idan ya shiga tsiro mai faɗin ganye, sai tsiron ya kama girma babu tsari, kara ya murɗe, ganye ya nannaɗe, hanyoyin abinci su toshe, har ya mutu. Tsire-tsire masu siririn ganye kuwa, dangin masara da dawa da shinkafa da kiri-kirin da ake shimfiɗawa a fili, jikinsu yana jure masa muddin ba a wuce ƙima ba.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa. Na ɗaya, ba ya kashe tofa ko harkiya ko ƙarangiya, domin su ma masu siririn ganye ne. Wanda ya sayo shi don tofa ya yi asarar kuɗinsa. Na biyu, ba ya kashewa nan take. Akan ga ganye ya soma murɗewa cikin 'yan kwanaki, amma mutuwar kan ɗauki mako biyu ko uku. Mai gaggawa da ya koma ya sake feshi bayan kwana uku, ciyawar filinsa yake ƙonawa. Na uku, kuma shi ne mafi girma, maganin bai san bambancin kashin yawo da wake ba. Tumatir, kuɓewa, gyaɗa, wake, waken soya, auduga, rogo da dankali duk masu faɗin ganye ne, kuma ɗan abin da iska ta ɗauko ya isa ya lalata su.

TUN DAGA WAJEN SAYE

Tsaro yana farawa ne tun a kanti. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, watau NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa magungunan feshi rajista. Mai saye ya duba lambar rajistarta, da ranar da maganin zai lalace, ya kuma tabbata ba a taɓa buɗe murfin ba. Kada a sayi maganin da aka ɗura a kwalbar lemo ko gorar ruwa ana sayarwa tsiyaye-tsiyaye. Babu wanda ya san abin da ke ciki, in kuwa aka yi haɗari likita ba shi da abin dubawa.

A ƙasan takardar da ke jikin kwalba akwai zane mai launi. Ja alama ce ta guba mai tsanani ƙwarai, rawaya na bi mata, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. Kore ba ya nufin babu haɗari. Yana nufin haɗarin ya fi sauƙi ne kawai. Wanda bai iya karatu ba ya nemi malamin gona ko malamin makaranta ya karanta masa, ba abin kunya ba ne.

Akwai wani magani da ya kamata a ambata don a guje shi, wanda ake rubuta sunansa paraquat. Ba mai zaɓe ba ne, kurɓi kaɗan yana iya kashe babban mutum ta hanyar lalata huhu, kuma ba shi da makari. Tarayyar Turai ta hana aiki da shi tun 2007, a 2023 kuma NAFDAC ta sanar da shirinta na kawar da shi daga kasuwannin Nijeriya. Ba shi da wurin zama a makaranta ko a gida.

AWO

Yawancin ɓarnar da ake gani daga rashin awo take. Mutane sukan ce a zuba murfi biyu ko uku, kowa da nasa, alhali murafe ba girmansu ɗaya ba. Ga hanyar da ta dace.

A auna wuri mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. A cika famfo da ruwa zalla, a fesa wurin da irin tafiyar da za a yi ranar aiki, sa'an nan a duba yawan ruwan da ya tafi. A ce lita 2 ne. Hekta ɗaya ta ƙunshi irin wannan wuri sau 100, ke nan hekta za ta sha lita 200. Famfo mai cin lita 16 zai fesa irin wurin sau 8, watau murabba'in mita 800. To, in a misali takardar kwalbar ta ce lita 1 ga hekta, rabon kowane cikin famfo mililita 80 ne. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da mita 68 murabba'in mita 7,140 ne, zai ci wajen cikin famfo 9, watau mililita 720. Kwalba guda ta lita ɗaya ta ishe shi har da saura.

Wannan lissafi misali ne. Ƙimar gaskiya ita ce wadda aka rubuta a jikin kwalbar da ke hannu. A auna da kofin awo da aka keɓe don wannan aiki, ba da cokalin miya ba. Kuma tun da ba kowace ciyawar ado ce ke jure maganin ba, a fara gwadawa a wata kusurwa, a jira mako biyu a ga yadda ta yi.

RANAR FESHI

Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, sa'ad da ciyawar da ba a so take ƙarama tana cikin girma. Wadda ta tsufa ta yi 'ya'ya ba ta jin magani sosai. Sabon fili da aka dasa kwanan nan a bar shi sai ya kama ƙasa, an yanke shi sau biyu ko uku. Kada a yanke ciyawa kwana biyu ko uku kafin feshi, haka kuma bayansa, domin ta ganye maganin ke shiga.

A yi feshi da safe bayan raɓa ta bushe, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Idan hadari ya haɗo a fasa, domin ruwan da ya sauka cikin 'yan sa'o'i zai wanke maganin ya kai shi rafi. Idan iska tana kaɗa rassan itace a fasa. Idan ɗan motsin iskar da ake da shi yana nufar lambu ko gonar wake, a dakata sai ya juya. A riƙe bakin famfo ƙasa-ƙasa, daidai gwiwa, kada a matsa shi har feshin ya zama kamar hazo. A bar tazara tsakanin inda ake feshi da rijiya, da rafi, da gindin mangwaro ko lemo. Inda ciyawar banza tsilli-tsilli take, a bi ta ɗaya bayan ɗaya, ba sai an jiƙa fili duka ba.

Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu, da dogon wando, da takalmin roba, da safar hannu ta roba, da tabarau, da abin rufe hanci da baki. Lokacin haɗawa ya fi kowane lokaci haɗari, domin a nan ake taɓa maganin da ƙarfinsa, kuma ɗigon 2,4-D a ido yana iya yi masa lahani mai tsanani. Ba a cin abinci ko goro ko shan taba ana cikin aiki. In bakin famfo ya toshe ba a hura shi da baki. Famfon da ke yoyo a gadon baya a gyara shi tukuna. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya 2,4-D cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wannan ciwo, saboda haka wanda feshi ya zama sana'arsa shi ya fi kowa bukatar rufe jiki. Yara, da mata masu ciki ko masu shayarwa, ba a ba su wannan aiki. Shugaban makarantar da ya ɗora wa ɗalibai famfo ya ci amanar iyayensu.

BAYAN AN GAMA

A makaranta, ranar Juma'a da yamma bayan an tashi, ko lokacin hutu, shi ne lokacin da ya fi. A kafa alama, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, kada kowa ya shiga sai maganin ya bushe kuma wa'adin da ke jikin kwalba ya cika.

A nan akwai abin lura da ya shafi rayuwar ƙauye. Abin da mai fili ke kira ciyawar banza, ga wata uwa miya ce. Tafasa da lalo da zaƙi-banza da gasaya duk ana tsinkarsu a bakin filaye, dukkansu kuwa masu faɗin ganye ne da maganin ke shiga jikinsu. Dole ne a gaya wa mata da yara inda aka yi feshi. Haka nan makiyaya da masu awaki, kada dabba ta yi kiwo a wurin kafin wa'adi. Ciyawar da aka yanka a yankan farko bayan feshi kada a kai wa dabbobi, kada a zuba ta a ramin taki, kada kuma a shimfiɗa ta a kan kunyar citta ko lambun tumatir.

Famfon da aka zuba wa 2,4-D ya fi kyau a keɓe shi, a yi masa alama, domin ɗan abin da ya maƙale a tiyo yana iya murɗe gonar wake in aka koma fesa maganin ƙwari da shi. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ana juye ruwan cikin famfo ana fesawa a filin, sa'an nan a huda ta. Kada a zuba mata gishiri ko manja ko ruwan sha. Ba a wanke famfo a rafi ko bakin rijiya. Sauran magani a ajiye shi cikin kwalbarsa, a kulle, nesa da rumbu da ɗakin girki. Mai feshi ya yi wanka da sabulu nan da nan, a wanke tufafin aikinsa dabam da na iyali.

IN AN YI HAƊARI

In magani ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin, a wanke da ruwa da sabulu. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. In mutum ya sha, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar, domin abin da ke rubuce a jikinta shi zai nuna wa likita abin yi. Ciwon kai, jiri, amai, ko sanyin jiki bayan feshi su ma dalili ne na zuwa asibiti.

Daga ƙarshe, a tuna cewa filin da ciyawarsa ta yi kauri, ana yanke ta a kan kari ba a aske ta har ƙasa, ba ya ba kashin yawo wurin tsira. Ƙaramin fili kuwa fartanya ta ishe shi. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, waɗanda ke samun sakamakon bincike daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye yara da dabbobi da amfanin gona.