Kafin Ki Saki Murya, Dubi Sunan da ke Sama



A da, in kina da magana da ƙawarki, yarinya kike aika ta shiga ɗaki ta raɗa mata a kunne. In ta tarar da baƙi, ta san ta yi shiru. Waya fa ba ta da wannan hankalin.

Yau da yawanmu muna cikin guruf na WhatsApp: na adashe, na dangi, na ankon biki. A ce uwar adashe ta turo murya tana tuni cewa ranar zubi ta zo. Ke kuwa maigida bai sayar da albasarsa ba tukuna, cefane ma da ƙyar. Sai kika ja saƙonta gefe, kika danna, kika zayyana mata halin da gida ke ciki. A zatonki ita kaɗai za ta ji, tunda saƙonta kika kama. Ina! Duk amsar da aka bayar cikin guruf, kowa na ciki zai ji ta, har da dangin miji in suna nan. Kar ki manta, wata ma da wayar mijinta ko ta ɗanta take shiga.

To, in maganar ta mutum biyu ce, fita daga guruf ɗin gaba ɗaya, ki nemo sunanta ita kaɗai. Ki dubi suna da hoton da ke can sama kafin ki fara. Wadda ba ta karatun boko, hoton ya ishe ta shaida. Sannan in kin danna alamar ɗaukar murya, ki tura yatsa sama ta kulle. Ta haka ba za ta tafi da zarar kin ɗaga hannu ba, kuma tun 2021 ana iya tsayar da ita a saurara kafin a aika.

In kuwa ta riga ta tafi, maza ki goge. Tun 2017 akwai damar gogewa ga kowa, daga 2022 kuma wa'adin ya kai kamar kwana 2. Amma ki lura, gogewa iri biyu ce. Ɗaya daga wayarki kaɗai take share saƙon, yana nan daram a wayoyin mutane. Ko kin zaɓi ta kowa, za a ga alamar an goge wani abu, wadda ta riga ta saurara kuma ta saurara. Sai ki kira uwar adashe nan take, ki roƙe ta ta ja kunnen waɗanda suka ji kada su tura gaba.