Nonon akuya, garkuwar yaro: jawabi ga makiyayan Dungas

Ni aikina duba bisashe ne, amma yau zancen yara ya tara mu, domin lafiyar yaro da lafiyar akuya igiya ɗaya ta ɗaure su.

Kun tuna shekara ta 2005. Damanar 2004 ba ta yi kyau ba, ga fara, hatsi ya yi tsada, bisa ta faɗi warwas a kasuwa. A shekarar ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin yaƙi da tamowa a Magariya, kuma aka fara raba ƙunshin gyaɗar nan mai suna Plumpy'Nut da yawa a ƙasarmu. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai, da sinadarai masu gina jiki. PAM ta kawo abinci, UNICEF ta tallafa wa gidajen likita. An ceci rayuka, Allah ya saka masu. Amma duk da haka, a watan Satumba na 2018, MSF ta sanar cewa yara kusan 10 ke rasuwa kowace rana a asibitin Magariya, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. To kun ga, taimako yana kashe gobara, amma bai hana ta tashi ba. Kuma mai ba ka yau, ba lalle ya zo gobe ba.

Ina namu ƙoƙarin yake? Yana cikin garke. Ku saurari abu biyar.

Na ɗaya, rigakafi. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR tana zuwa da zazzaɓi, majina, gyambo a baki da zawo, kuma takan share garke cikin ƴan kwanaki. Allura guda tana kare bisa shekaru. FAO ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita daga duniya, kamar yadda aka gama da bushiya a 2011. In ma'aikata sun zo, kar ku ɓoye ko guda. Akuyar da aka ɓoye ita ke jawo wa sauran.

Na biyu, abincin bazara. Akuya ba ta ba da nono da yunwa. Tun kaka ku ɗora harawa da ganyen gyaɗa bisa rumfa, inda rana da gara ba su ci. Ku tara ƴaƴan gawo, tunda Allah ya hore mana gawo a wannan yanki. Dusa da kanwa, a fara ba mai shayarwa kafin ragon sallah.

Na uku, in dole ta sa za ku sayar da bisa ku sayi hatsi, ku fidda bunsuru ko tsohuwar da ta daina haihuwa, kuma tun da wuri, tana da jiki. Wanda ya jira sai rumbu ya ƙare, ya kai ramammiya Maigatari, dillali ne zai yanka mashi kuɗi. Uwar garke mai nono kuwa, a bar ta gida.

Na huɗu, nonon kansa. Malam, kafin a kai ƙwarya kasuwa, a cire rabon yara. Uwargida, jariri har wata 6 nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Bayan nan a ci gaba da shayarwa, a ƙara da kunu mai nonon akuya da garin ƙuli-ƙuli. Amma a tafasa nonon tukuna, don bakkale da tarin fuka na bisashe suna bi ta ɗanyen nono su kama mutum.

Na biyar, akuyar da wani shiri ya ba ku. Wannan tsari daga habbanaye na Fulani aka ɗauko shi: ka riƙe uwa, ta haihu, ka miƙa wa na gaba. Cikin akuya wata 5 ne kawai, jar akuyar Maraɗi kuma takan yi tagwaye. Wanda ya sayar da ita ranar kasuwa ya ci amanar maƙwabcinsa.

Sai gargaɗi. In kun ga yaro na ramewa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi abinci, a auna damtsensa da tsumman awo mai launi. In ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, a kai shi likita a ranar, ba sai an gama noma ba. Ƙunshin gyaɗar da aka ba shi magani ne. Ba na yayyensa ba ne, ba na baƙo ba, ba na tebur a kasuwa ba.

Mai tambaya ya ɗaga hannu. Wanda bisarsa ba ta da lafiya kuma ya same ni bayan an tashi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuri'a.