RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI: Jawabi Kan Haihuwar Matanmu

Iyayena dattawa, iyayena mata da ke saurare daga cikin gida, 'yan'uwana talakawan Goronyo, Wurno da Rabah, ina gaishe ku. Wanda ya iya karatu, don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kafin in shiga aikin jam'iyya ni malamin firamare ne. Kowace safiya sai na kira rajista, yaron da bai zo ba in tambayi dalili. Akwai wata yarinya da na shekara biyu ina kiran sunanta a aji. Aka yi mata aure, ta samu ciki. Ta haihu a gida da tsakar dare, jini ya ɓalle. Kafin a samu mota gari ya waye. Da aka isa ɗakin shan magani sai aka tarar da shi a kulle. Ta cika a kan hanyar babban asibiti. Allah ya jiƙanta. Ranakun da ta yi fashin makaranta suna nan a rubuce, amma na bi sawu ban ga takardar da aka rubuta rasuwarta ba.

Rai na Allah ne, ba mai musun wannan. Amma ƙofar nan mutum ne ya kulle ta.

Jama'a, ku manoma ne. Wa bai san dami nawa ya zuba a rumbu ba? Wa bai san buhun albasa nawa ya kai kasuwar Lahadi ba? To, wa zai tashi ya gaya mana mata nawa suka rasu wurin haihuwa a mazaɓarsa bara?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a cikin haihuwa 100,000, uwaye 512 ke rasuwa a Nijeriya. Ya kuma nuna a Jihar Sakkwato, cikin haihuwa goma, tara a gida ake yi. Wannan lissafin Abuja ne. Bai gaya muku halin da ake ciki a Shinaka, ko Achida, ko Gandi ba.

Kada wani ya ce ba za mu iya ƙirga namu ba. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara rabon ƙwayoyi uku na tsayar da jini bayan haihuwa, da maganin shafa wa cibiyar jariri, ta hannun mutanen gari a mazaɓu 244, ana rubuta abin da aka raba. A Jihar Ondo, tun 2010 aka kafa dokar da ta wajabta kai rahoton duk macen da ta rasu a dalilin ciki ko haihuwa. Kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya daga tushe. Kuɗin nan da sunanku ake fitar da su.

Ga abin da muke nema. A kafa allo a ƙofar kowane asibitin mazaɓa, da boko da ajami, a sabunta shi wata-wata:

1. Mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka zo har sau huɗu ko fiye?
2. Haihuwa nawa ungozoma mai horo ta karɓa, dare nawa aka kwana ba ma'aikaci?
3. Kwana nawa aka yi babu maganin tsayar da jini ko na jijjiga?
4. Mata nawa aka tura babban asibiti, awa nawa suka jira mota?
5. Uwa nawa da jariri nawa aka rasa, har da na gida, ba tare da ambaton sunan kowa ba?
6. Kuɗi nawa suka shigo, me aka yi da su?

Kwamitin ci gaban mazaɓa ya karanta shi a gaban mai gari da jama'a. Matan da suka je asibitin kuma a tambaye su yadda aka karɓe su.

Ba don a tozarta ungozoma ba ne. Wadda ke karɓar haihuwa ita kaɗai da hasken tocila, allon nan shi ne shaidarta. Mu ma maza zai tona mu, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mace nawa ta kwana tana naƙuda ana jiran izinin maigida? Ka ba da izininka tun ciki yana ƙarami, ka ajiye kuɗin mota. Kun san yadda tafiyar dare ta zama a yankin nan.

Wani abu kuma. Ran da aka fara ƙirga gaskiya, lissafin mamata zai iya yin sama, don da can ba a rubutawa. Kada ku zargi mai rubutu. Wanda ya ce muku allonsa fari tas shekara guda, shi za ku tuhuma.

Zaɓe ya ƙarato. Duk ɗan takarar da ya zo muku da atamfa da sabulu, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi a bainar jama'a: «Ranka ya daɗe, za ka kafa allon? Wane wata?» In ya yi kame-kame, kun san inda ba za ku dangwala ba.

Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa. Wassalam.